Taiji da Malaman da Ba Sa Yarda a Ture Su

A watan Afrilun 2017, a wani ɗakin motsa jiki da ke birnin Chengdu na ƙasar Sin, aka share fili aka ba mutum biyu wuri. Ɗaya shi ne Xu Xiaodong, mai horar da 'yan damben zamani irin wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Ɗayan kuma Wei Lei, wanda ya ce shi ya kafa nasa reshen na Taiji, fasahar faɗa ta Sinawa mai motsi a hankali, har gidan talabijin na gwamnati ya taɓa nuna shi a matsayin gwani. Wei ya ɗaga hannuwa a hankali, ya fara zagaye cikin natsuwa kamar a fim. Xu bai tsaya kallo ba. Ya afka masa da naushi, Wei ya ja da baya ya faɗi, Xu ya bi shi ƙasa yana sauke masa hannu a kai har aka shiga tsakani. Duka-duka abin bai kai rabin minti ba.

Ƙurar da ta tashi bayan nan ta fi faɗan kansa. Wasu suka ce asiri ya tonu, an daɗe ana sayar wa mutane rawar tsofaffi da sunan faɗa. Wasu suka ce Xu ba shi da tarbiyya, ya ci mutuncin gadon kakanni. Ƙungiyar Wushu ta ƙasar, mai kula da fasahohin faɗan gargajiya, ta yi tir da karawar, aka rufe shafin Xu na dandalin sada zumunta na Weibo. A 2019 kotu ta ɗora masa biyan kusan yuan 400,000 tare da neman gafara a bainar jama'a, saboda ya kira Chen Xiaowang, ɗaya daga cikin manyan dattawan Taiji, mayaudari. Na wani lokaci har an hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri. Sai ga shi a watan Mayun 2020 wani dattijo mai suna Ma Baoguo, shi ma mai kiran kansa shugaban reshe, ya sha ƙasa sau uku cikin daƙiƙa 30 a hannun wani mutum da dambe ba ma sana'arsa ba ce.

Mu da muka tashi muna kallon finafinan Chana a gidan kallo, mun san tsohon nan mai farin gemu da ke kaɗa hannun riga samari goma su zube. Don haka dariyar da aka yi wa Wei da Ma akwai ɗan haushi a cikinta, irin na wanda aka yi wa alkawari tun yana yaro aka saɓa. Amma ni ina ganin masu dariya da masu kariya duk sun bar jaki suna dukan taiki. Fasahohin faɗan da Sinawa ke kira na ciki, wato Taiji da Bagua da Xingyi, suna da zurfi na gaske, sai dai zurfin ba wani ɓoyayyen ƙarfi ba ne da ke kwance a mara. Horo ne na daina sandarewa idan aka matsa maka. Kuma babu hanyar da za ka san ko ka koyi wannan sai wani wanda ba ya jin kunyarka ya sa hannu ya ture ka. Malaman da suka faɗi ba falsafar ce ta kayar da su ba. Sun daɗe da yin watsi da ita, rigar kawai suka riƙe.

Yana da kyau a san inda rabon nan na ciki da waje ya samo asali, domin ana yawan ba da shi kamar wani abu ne da ya sauko daga kan dutse shekara dubu da suka wuce. Rubutu na farko da aka sani ya kawo shi na 1669 ne, lokacin da malami Huang Zongxi ya rubuta ta'aziyyar wani gwanin faɗa mai suna Wang Zhengnan. A ciki ya ce 'yan Shaolin, wato na waje, sun shahara da kai hari, amma akwai wani gida na ciki da ke rinjayar motsi da natsuwa, ya kuma jingina shi ga wani waliyyin addinin Dao na dutsen Wudang, Zhang Sanfeng, wanda aka ce a mafarki aka koya masa, gari ya waye ya kashe 'yan fashi sama da 100 shi kaɗai. To Huang mutum ne da ya ƙi yin mubaya'a ga Manchu, baƙin da suka karɓe mulki daga daular Ming a 1644. Masana tarihi da dama suna karanta rubutun nasa a matsayin habaici: na waje shi ne baƙo, na ciki shi ne ɗan ƙasa, kuma mai haƙuri zai ga bayan mai ƙarfi. Ko sau ɗaya bai ambaci Taiji ba.

Taiji ɗin da ake iya bin sawunsa da hujja daga ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan ya fito, kamar yadda mai bincike Tang Hao ya nuna a shekarun 1930. Wanda ake jingina masa shi, Chen Wangting, tsohon soja ne na ƙarni na 17, kuma da yawa daga sunayen motsinsa suna nan a cikin littafin horar da sojoji na Janar Qi Jiguang, wanda ya yaƙi 'yan fashin teku a ƙarni na 16, mutumin da ba ya ɓoye ƙyamarsa ga motsin ado da ba ya amfani a fagen fama. Daga ƙauyen nan Yang Luchan ya ɗauko abin ya kai Beijing a ƙarni na 19, inda aka yi masa laƙabi da Yang wanda ba a kayarwa. Ba da wa'azi ya samu sunan ba. Su kuma 'yan Xingyi na Shanxi da Hebei, da yawansu rakiyar ayari suke yi, suna gadin azurfar 'yan kasuwa a hanyoyin da 'yan fashi ke tarewa. Mutumin da abincinsa ya dogara ga ko zai kai kaya lafiya ba shi da lokacin yaudarar kansa.

Falsafar a rubuce daga baya ta shigo, ta hannun masu ilimi. Wu Yuxiang, ɗan gidan malamai kuma ɗan garinsu Yang Luchan, ta hanyar danginsa ne aka samu rubuce-rubucen da a yau ake ɗauka a matsayin tushen Taiji. An ce a wani shagon gishiri aka tsinci na farkonsu. Sun Lutang kuma, wanda ya koyi duka ukun, daga 1915 ya fara fitar da littattafai yana haɗa su a matsayin 'yan gida ɗaya, yana ɗaure su da tunanin Dao da tsarin yin da yang, wato kishiyoyi biyu masu cika juna. Yang Chengfu, jikan Yang Luchan, ya sassauta motsin ya faɗaɗa shi ya zama irin wanda kowa zai iya bi. A 1956 hukumar wasanni ta gwamnatin Kwaminis ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don lafiyar jama'a, kuma shi ne akasari abin da tsofaffi ke yi da asuba a lambunan shaƙatawa. A Disambar 2020 UNESCO ta sa Taiji cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Wani zai ce ke nan falsafar kwalliya ce aka shafa wa sana'ar sojoji da masu gadi. Ban yarda ba. Masu ilimin nan ba daga iska suka ƙago ta ba. Sun ji wani abu a jikinsu suka nemi kalmomin da za su faɗe shi, sai suka ɗauko waɗanda al'adarsu ta tanada. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me suka ji.

A fara da tsayuwa, tunda da ita ake farawa. Ɗalibi zai ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ya rungumi gindin bishiya. Shi ke nan aikin. Ba naushi, ba tsalle. Kafin a je ko'ina kafaɗa ta ɗauki zafi, cinya ta fara rawa, numfashi ya bar ciki ya hau ƙirji, haƙora su cije ba tare da ya sani ba. Zuciya kuma ta shiga kawo hujjoji: wannan ɓata lokaci ne, akwai kiran da ban mayar ba, gwiwar nan za ta lalace. Malamin ƙwarai ba zai ce masa ya daure ba. Zai zo ya ɗora yatsa biyu a kafaɗarsa ya ce ya saki nan. Ɗalibi ya rantse ya saki. Malam ya sake taɓawa, sai kafaɗar ta sauka da kusan faɗin yatsa, ɗalibi ya tsaya yana mamakin wa ya ɗage ta tun farko. Haka za a bi ƙugu, a bi muƙamuƙi, a bi yatsun ƙafa da suka damƙe ƙasa kamar za a ƙwace ta. Abin da mutum ke ganowa shi ne mafi yawan gajiyarsa ba nauyin hannu ne ya kawo ta ba, tsokokinsa ne ke kokawa da junansu, ɗaya na ja ɗaya na riƙewa, kuma haka yake yawo tun yana yaro.

Sakin da ake nufi ba laƙwas ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon Bafulatana da ƙwaryar nono a kai tana ratsa kasuwa ya ga abin. Wuyanta bai sandare ba, da ya sandare da nonon ya fantsama a tuntuɓen farko. Bai kuma langaɓe ba, da ƙwaryar ta daɗe a ƙasa. Nauyin yana bi ta ƙashin bayanta ya sauka a dunduniya, hannuwanta suna lilo, har waiwaye take yi ta amsa gaisuwa. Wannan yanayin ne 'yan Taiji ke shafe shekaru suna nema, da bambanci ɗaya: su suna so su riƙe shi alhali wani ƙato yana ƙoƙarin kifar da su.

Dalilin yin motsin a hankali ke nan. Sauri yana rufa wa kuskure asiri. Idan ka ɗaga ƙafa da gudu ka ajiye, ba za ka taɓa sanin cewa a tsakiyar takun faɗuwa kake yi ƙafar ta tare ka ba. Yi shi a hankali ka gani: sai ka mayar da nauyinka kaf kan ƙafa ɗaya kafin ɗayar ta yarda ta tashi, kuma duk inda ka yi ha'inci jikinka zai yi tangaɗi ya tona ka. 'Yan Bagua su kuma zagaye suke yi, taku bayan taku a kan da'ira, ƙugu a murɗe yana fuskantar tsakiya, har su juya ba tare da an ga inda juyin ya fara ba.

Amma duk wannan rabin karatu ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Mutum shi kaɗai a inuwa yana iya jin ya natsu har ya ɗauka ya zama dutse. Sauran rabin shi ne turin hannu. Mutum biyu za su tsaya fuska da fuska, wuyan hannu a kan wuyan hannu, tafi a kan gwiwar hannun abokin, ɗaya ya tura, ɗaya ya karɓa ya juya ƙugu ya mayar. Da farko a tsare ake yi kamar gaisuwa, daga baya a saki kowa ya nemi kowa. Tsofaffin rubuce-rubucen sun ambaci laifi biyu da ake gudu a nan. Na farko karo: an turo ka ka turo, ƙarfi ya haɗu da ƙarfi, wanda ya fi nauyi ya ci. Na biyu rabuwa: an turo ka ka janye hannu ka tsere, ka daina jin inda abokin yake, sai dai ka ji saukar duka. Abin da ake so yana tsakani, kuma yana da wuya ƙwarai: ka manne da shi, kada ka yi karo, kada ka rabu. Suna kiran wannan sauraro, amma da fata ake yinsa. Ta wurin da hannunku ya haɗu kake jin ko nauyinsa na kan ƙafar gaba ko ta baya, ko kafaɗarsa ta ɗaure, ko ya riga ya yanke shawarar turowa kafin ma hannun ya motsa. Idan ya zuba ƙarfinsa duka ya tarar ba kowa a wurin, shi da kansa zai wuce, kai ɗan taimako kawai za ka yi masa. Daga nan maganarsu ta fito cewa ƙarfin da bai kai rubu'in kilo ba yana karkatar da nauyin da ya haura kilo 500. Ba sihiri a ciki, lokaci ne da kusurwa.

'Yan kokawarmu ba za su yi mamakin wannan ba. Wanda ya kalli gasar takobi ta Nijar ya ga yadda ƙarti biyu ke sunkuyawa, kai da kai, hannu yana lalube a kafaɗa da wuya tsawon lokaci, 'yan kallo na ƙorafin ba a komai. Ana komai. Kowanne yana jiran ya ji ƙafar da ɗan'uwansa ya jingina a kanta.

Inda Taiji ya wuce dabara ya zama tarbiyya shi ne sharaɗin da ya gindaya wa mai son koyon sauraron nan. Rubuce-rubucen suka ce ka bar naka ka bi na wani. Ba za ka ji abokin karawarka ba muddin hankalinka na kan abin da kai kake shirin yi masa, kuma ba za ka saki jiki ba muddin kana tsoron a ga ka faɗi. Zheng Manqing, almajirin Yang Chengfu wanda ya koma New York a 1964 ya koyar da Amurkawa, abin da ya fi nanata wa ɗalibansa shi ne su yarda su yi asara. A ture ka, ka koma ka tsaya, a sake ture ka, kada ka ƙanƙame don kare mutunci, ka lura da inda turin ya same ka. Wanda ya ƙanƙame zai tsira a ranar, ya tafi gida da kuskurensa. Wanda ya bari aka jefar da shi ya san wurin da ƙofarsa take a buɗe. Bahaushe ya riga ya faɗa, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

A nan ne nake ganin ma'anar abin ta fito fili, kuma ba sai an je Wudang ba. Yawancinmu idan aka matsa mana hanya biyu muka sani. Ko mu yi karo, murya ta hau murya har maƙwabta su fito, ko mu ɗauke ƙafa mu shiga gaba, shekara ta zagayo ba sallama. Zama a cikin matsin, kana jin nauyin maganar mutum ba ka mayar masa ba kuma ba ka gudu ba, har ka gane ainihin inda ya dosa, wannan ba kowa ya iya ba, kuma nasiha kaɗai ba ta koyar da shi, domin kafin hankali ya tuna nasihar kafaɗa ta riga ta ɗaure. Abin da fasahohin nan suka gano shi ne a bi ta kafaɗar. Ba na cewa duk wanda ya iya turin hannu ya zama mai haƙuri a gidansa. Tarihin gidajen Taiji cike yake da gaba da rikicin gado kamar na kowa. Amma aƙalla an ba shi wurin da zai ga fushinsa da tsoronsa suna tasowa a tsoka, ya kuma gwada sakinsu.

To yaya aka yi hanyar da aka gina a kan yarda da faɗuwa ta haifi mutanen da ba su san suna iya faɗuwa ba? Ta hanyar ladabi. A al'adar Sin malamin faɗa uba ne. Ɗalibi yakan durƙusa ya miƙa masa shayi kafin a karɓe shi cikin gida. Wa zai ture ubansa a gaban mutane? Sai ɗalibi ya riƙa rage ƙarfi ba tare da an ce ya rage ba. Malam ya taɓa shi ya ɗan ja baya. Bayan shekaru malam ya taɓa shi ya yi tsalle. Bayan wasu shekarun ko taɓawar ba a buƙata, malam ya kaɗa hannu daga nesa ɗalibai biyar su watse suna birgima, a ɗauka a waya a sa a intanet. Abin tausayin shi ne da yawa daga malaman nan ba maƙaryata ba ne da gangan. Sun shekara talatin duk wanda suka taɓa yana faɗuwa, don me ba za su yarda ba? Da Wei Lei ya san ƙarya yake yi da bai shiga fili gaban kyamara ba. Ɗalibansa ne suka yi masa ƙarya da jikinsu, shi kuma ya ji daɗinta bai bincika ba. Mutumin da ya kamata ya fi kowa iya sauraro ya zama ba abin da yake ji sai amon kansa.

Ba yau aka fara wannan kuka ba, kuma daga cikin gida aka fara shi. Wang Xiangzhai, wanda ya taso a Xingyi, a wajen 1940 ya yi hira da jaridu a Beijing yana caccakar yadda aka mayar da fasahar jerin motsin ado da sirrin ƙarya, ya kuma buɗe ƙofarsa ga duk mai son ya zo a gwada. Ya watsar da jerin motsin gaba ɗaya, ya bar tsayuwa da gwaji. Xu ya zo da bakin da ba shi da linzami, gaskiya ne, amma tambayar da ya yi ita ce ta Wang. Shi ya sa nake ganin hukumomin da suka matsa masa don kare martabar al'ada sun yi wa al'adar irin ladabin ɗaliban nan ne, sun ja baya tun kafin a taɓa su.

Sai maganar qi, wadda ake fakewa da ita. A tsohon likitancin Sin kalma ce mai faɗi da ta ƙunshi numfashi da ɗumin jiki da kuzari, kuma a bakin malami mai gaskiya hanya ce ta koyarwa: idan ya ce ka saukar da shi mara, yana nufin ka bar numfashi da nauyi su sauka. Matsalar tana farawa ranar da aka ce yana jefa mutum daga nesa ko yana tare makami. Sinawa sun biya kuɗin wannan imani da jini a 1900, lokacin da dubban 'yan tawayen da Turawa suka kira 'Yan Dambe suka fuskanci bindigogin ƙasashe takwas da yaƙinin cewa tsafinsu ya sa harsashi ba ya cin su. A shekarar ne, kamar yadda almajiransa suka ruwaito, harsashin sojan Jamus ya kashe Cheng Tinghua a Beijing, mai sana'ar tabarau kuma ɗaya daga cikin fitattun almajiran Dong Haichuan, uban Bagua. Mu ma da muke da 'yan tauri da guraye da layu a damtsen ɗan dambe mun san yadda gwaninta ta gaske da tatsuniya ke kwana a ɗaki ɗaya.

Akwai hujjar da masu suka ke kawowa wadda dole a amsa musu da gaskiya ne. Saurayin da ya yi wata shida a damben zamani, ana dukansa yana duka, zai kayar da mafi yawan waɗanda suka shekara goma suna Taiji. Mai son ya iya kare kansa nan kusa, ya tafi can. Mutanen dā da suka yi suna ba da motsi a hankali kaɗai suka yi shi ba. Suna karkaɗa doguwar gora mai nauyi, suna ɗaga dutse, suna riƙe mashi da takobi, suna kuma karawa da baƙi. Da bindiga da jirgin ƙasa suka kashe sana'ar rakiyar ayari, aka ajiye ɓangaren mai ciwo aka riƙe mai daɗi. Ba laifi ba ne mutum ya zaɓi mai daɗin. Laifin shi ne ya zaɓe shi sannan ya ci gaba da karɓar kuɗi da sunan ɗayan.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu abin da ke ransa shi ne ko wannan ba ya taɓa aƙida. Ba fatawa nake bayarwa ba, amma ga abin da tarihi ya nuna. Musulman Sin, 'yan ƙabilar Hui, suna cikin waɗanda suka fi riƙo da fasahar faɗa a ƙasar. Wani reshe ɗan'uwan Xingyi, wanda ake kira Xinyi Liuhe, a hannun Musulman lardin Henan ya rayu tun daga Ma Xueli na birnin Luoyang a ƙarni na 18, suna koyar da shi a tsakaninsu. Wang Ziping, Musulmi ɗan Cangzhou, yana cikin manyan malaman cibiyar fasahar faɗa ta ƙasa da aka kafa a Nanjing a 1928. Sun ɗauki tsayuwa da numfashi da murɗa ƙugu, suka ci gaba da sallarsu. Inda za a ce ka durƙusa wa hoto ko ka ƙona turare ga kakannin gida, wannan wani abu ne daban, kuma ana iya barinsa ba tare da an rasa komai na horon ba.

Wani ɓangare guda na Taiji ya yarda baƙi sun gwada shi ba sani ba sabo, wato batun faɗuwar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta suka buga sakamakon gwajin da suka yi da tsofaffi 200 masu shekara 70 zuwa sama: waɗanda suka yi mako 15 suna Taiji haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2018 Fuzhong Li a jihar Oregon ya gwada da mutum 670, ya samu faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda miƙe jiki kawai suka yi. Shi ne kuma a 2012 ya nuna masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, sun samu ƙarin daidaito a tsayuwa da tafiya. Babu wanda ya auna qi a gwaje-gwajen nan. An ƙirga faɗuwa ne kawai, kuma dalilin bai ɓuya ba: mutumin da ya saba mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya kafin ya ɗaga ɗayar, wanda kuma ba ya sandarewa idan ƙasa ta zame masa, yana da damar ya gyara kafin ya kai ƙasa.

Wannan kam ya shafe mu kai tsaye. Kusan kowane gida ya san labarin tsohuwar da santsin siminti ya kwashe a banɗaki ko a bakin rijiya, ƙugu ya karye, aka kira mai ɗori, daga nan ba ta sake taka ƙofar gida ba. Muna cewa tsufa ne, alhali wani kaso na abin ana iya rage shi da horo. Sassan gashin ƙashi na asibitocin koyarwa da masu jagorantar motsa jikin safe a filayen wasa za su iya ɗaukar motsi takwas ko goma daga ciki su koya wa iyayenmu, maza daban mata daban, sau biyu a mako kamar yadda aka yi a gwajin Oregon. Abin da ake buƙata shi ne daɓe mai kyau, inuwa, kujera ko bango a kusa don mai jin jiri ya dafa, da mai koyarwa da ya koya a hannun wanda ya iya. Farar rigar siliki ba ta cikin lissafi.